Muhawara: Shin ido kaɗai ya isa a gane irin kayan lambu?

Matashin manomi, Bunkure:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya da nake roƙon waɗanda suka daɗe a harkar lambu su warware mana, domin lokacin yafin rani ya matso. A kasuwannin ƙauyukanmu yawancin irin kayan lambu da cokali ko murfin kwalba ake auna shi, a ƙulle a leda ko a takarda ba tare da wani rubutu ba, haka nan wanda maƙwabci zai ba mutum kyauta. Idan ƙulli da yawa suka haɗu wuri ɗaya, sai a rasa wanne ne wanne. Yanzu haka akwai ƙulli biyu a hannuna, dukansu baƙaƙe ne ƙanana masu kusurwa, ɗaya albasa ce ɗaya kuma habbatus sauda. Ta yaya ido zai bambanta su? Sannan gaba ɗaya, shin kamannin iri sun isa mutum ya dogara da su kafin ya yafa a kwami?

Dattijon lambu, Kadawa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta zo a kan gaɓa. Ka zuba kowanne a kan farin faranti, ka fita da shi waje inda haske yake, kada ka duba a cikin ɗaki. Irin albasa baƙi ne wuluk, fatarsa a yamutse take, gefe ɗaya a baje ɗaya kuma a ɗan tashe, kuma da wuya ka samu ƙwaya biyu masu siffa ɗaya sak. Habbatus sauda ta fi shi cika da daidaito, tana da gefe uku da ɗan tsini a kai ɗaya. Idan har yanzu kana kokwanto, ka murtsuke ƙwaya biyu ko uku tsakanin faratanka ka shinshina. Habbatus sauda za ta saki ƙamshinta mai ƙarfi nan take, har ka ga ɗan maiƙo a farcenka. Irin albasa kuwa cikinsa fari ne mai tauri, warin albasar da ke jikinsa ma sai ka kai hanci sosai kafin ka ji.

Game da tambayarka ta biyu, ni a wurina ido ya isa ga wanda ya saba. Tun da ruwan Tiga ya fara zuwa gonakinmu, bayan an gama madatsar a 1974, da ido iyayenmu suke sayen iri, kuma ban taɓa ganin wanda ya shuka rama a madadin kuɓewa ba.

Malamin gona, Kura:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayaninku a kan albasa da habbatus sauda ba shi da gyara. A kan magana ta biyu ce nake neman izini na ɗan saɓa. Ido yana faɗa wa mutum cewa wannan tumatur ne, wannan barkono ne, amma ba ya faɗa masa wane tumatur ne, kuma ba ya faɗa masa ko ƙwayar tana da rai ko ta mutu.

Bari mu ɗauki dangin tumatur, tunda su muka fi nomawa a nan. Irin tumatur faffaɗa ne, launinsa tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa mai haske, kuma abin da ke tona shi shi ne ɗan gashi mai laushi da ya lulluɓe shi, wanda ke sa ƙwayoyin su riƙa mannewa da juna idan aka ɗebo su da yatsa. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya kimanin 300. Irin tattasai da attaruhu da barkono ya fi shi faɗi, ba shi da gashi ko kaɗan, sumul yake, launinsa rawaya mai haske, yana da ɗan baki a gefe ɗaya inda saiwa za ta fito, kuma giram ɗaya bai cika wuce ƙwaya 150 da wani abu ba. Irin gauta da yalo ya fi na barkono ƙanƙanta da zagaye, ya ɗan fi shi duhu, shi ma sumul. Waɗannan uku yaron da ya yi rani ɗaya a lambu zai raba su. To amma a kawo irin UTC da irin Roma da irin tumatur ɗan gida a zuba a faifai ɗaya, wa zai tsince su? Alhali a Kwanar Gafan ko kasuwar 'Yan Kaba ba kuɗi ɗaya ake sayen kwandonsu ba, domin wani yana jure tafiyar mota zuwa Legas, wani kuma tun a hanya yake zama ruwa.

Uwargida mai lambun bayan gida, Ringim:
Sannunku da ƙoƙari, Baba da Malam. Ni zan yi magana a kan ganyen miya, domin mu mata mu ne muke ajiye irinsu daga shekara zuwa shekara. Maganar Baba a kan rama da kuɓewa gaskiya ce, amma 'yan mata da yawa suna rikita rama da yakuwa, saboda haka bari na bambanta su ukun. Irin kuɓewa dunƙulalle ne, ya fi sauran girma, launinsa ruwan toka mai ɗan kore-kore ko mai duhu, kuma idan aka kai shi kusa da ido za a ga siraran layuka sun zagaye shi, da ɗan tabo inda ya rabu da kwasfa. Gurguzu, wato irin yakuwa, ruwan ƙasa ne, a ɗan lanƙwashe yake da siffar ƙoda, kuma shi ne ake daddawar batso da shi. Irin rama ya fi gurguzu kusurwa da kaifin gefe, launinsa ya fi karkata ga toka-toka mai duhu. Wadda ta zuba su a tafin hannu ta murza za ta ji rama tana ɗan sukar ta, gurguzu kuwa yana mirginawa.

Alayyahu ba ya ɓuya. Ƙwayarsa 'yar mitsitsiya ce, baƙa mai sheƙi, har takan zame daga tafin hannu, shi ya sa muke cakuɗa shi da yashi mai laushi kafin mu yafa, in ba haka ba sai ya fito cunkus a wuri ɗaya. Irin lalo ya fi shi girma kaɗan, ba ya sheƙi, yana da kusurwoyi, launinsa baƙi-baƙi mai ɗan shuɗi ko kore. Irin gasaya kuma shi ne na fi son nuna wa yara, domin idan aka ƙura masa ido za a ga a naɗe yake kamar gidan dodon koɗi, bayansa da kaushi.

Matashin manomi, Bunkure:
Na gode, Inna. A kan lalo nake da ƙarin tambaya. Maƙwabtana da yawa suna kukan cewa sun yafa lalo bai fito ba, ko ya fito jefi-jefi, sai su ce irin ya mutu. Shin akwai alamar da ake gani a jikinsa?

Uwargida mai lambun bayan gida, Ringim:
Ɗana, sau da yawa irin bai mutu ba, fatarsa ce take da tauri, ruwa ba ya ratsa ta da wuri. Ka ƙulle shi a tsumma mai tsabta, ka tsoma a ruwan da ya tafasa na ɗan lokaci kaɗan, daƙiƙa biyar zuwa goma, ka ciro ka tsoma a ruwan sanyi, sannan ka baza a inuwa ya sha iska ka yafa a ranar. Wanda ya bar shi ya daɗe a ruwan zafin ya dafa irinsa. Kuɓewa ma tana da irin wannan taurin, amma ita jiƙa ta ake yi a ruwan sanyi ta kwana.

Malamin gona, Kura:
Hajiya ta kawo misalin da ya fi nawa. Ga iri lafiyayye da ido zai yaba, amma ba zai fito ba sai an yi masa dabara. Kuma ina so na ƙara wani abu a kan alayyahu. Giram ɗaya nasa ya haura ƙwaya 1,000, kuma zaki-banza, wanda yake fitowa da kansa a bakin kwami da kan juji, ɗan'uwansa ne na jini, ƙwayarsu kusan iri ɗaya ce a launi da sheƙi. Idan wadda ta tara irin ta haɗa da kan zaki-banza, ko da wanda yake da ƙaya, babu mai ganewa sai ganye ya buɗe. Haka yakuwa: gurguzun jan zoɓo da na fari ba a raba su da ido, alhali mai nema wa 'yan kasuwar Maigatari jan zoɓo mai duhu ba zai so fari ya cakuɗu a gonarsa ba.

Mai sayar da iri, Haɗejiya:
Salamu alaikum. Tunda sana'ata ce ake magana a kai, ya kamata na sa baki. Abin da na fi fama da shi a rumfa shi ne maganar launi. Manomi zai zo ya ce a ba shi irin kankana mai ja, ko irin tumatur mai shuɗi, domin bara shi ya shuka ya yi kyau. Wannan launin ba na irin ba ne. Magani ne kamfani yake shafa masa don kare shi daga ruɓewa a ƙasa da kuma ƙwari, sai a sa masa rini mai ɗaukar ido domin kowa ya san an sa guba, kada a ci, kada a ba kaji. Iri biyu mabambanta za su iya zuwa da rini ɗaya, iri ɗaya kuma zai iya zuwa bana da ruwan hoda, baɗi da kore. Saboda haka wanda ya riƙe launi a matsayin suna ya riƙe abin da ba shi da tushe. Akwai ma marasa tsoron Allah da suka gane mutanenmu suna yarda da launi, sai su rina tsohon iri ko wanda aka tsinto daga ruɓaɓɓen tumatur, su zuba a tsohon gwangwani. Abin da nake gaya wa abokan cinikina shi ne su duba ko gwangwanin a rufe yake daga kamfani, su karanta sunan irin da ranar da aka gwada shi, su kuma riƙe fankon har girbi. Hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa ta fito da wata takarda da ake kankarewa a jikin wasu kunshin, a tura lambar ta waya a tabbatar. Inda aka ga wannan takarda, a yi amfani da ita.

Wani abin da ido ba ya iyawa shi ne dangin kabeji. Irin kabeji dunƙulalle ne ƙarami, launinsa ruwan ƙasa mai duhu zuwa baƙi-baƙi. Irin farin kabeji mai fure haka yake sak. Ni da nake sayar da su, idan suka zube a tebur ɗaya, ba zan iya raba su ba.

Dattijon lambu, Kadawa:
Malam da Alhaji, na ji hujjojinku, kuma ban musa ba cewa irin gwangwani sai da takarda. Amma kada ku rage wa ido matsayinsa a gaban yaran nan. A kawo mini irin albasa na bana da na bara, a mafi yawan lokaci zan nuna muku sabon. Sabo baƙinsa a raye yake, yana da nauyi a hannu, idan ka jefa kaɗan a ƙoƙon ruwa yawancinsa nutsewa yake yi. Wanda ya kwana biyu ya dusashe, ya yi kamar an barbaɗa masa ƙura, wani lokaci har da warin rima. Irin tumatur da aka ciro daga ɗanyen tumatur siriri ne, ba shi da ciki, idan ka danna shi da farce sai ya lotse. Wanda aka shanya a kan kwanon rufi a tsakiyar rana yakan yi duhu a gefe. Irin barkonon da ya yi baƙi-baƙi ko tabo-tabo daga ruɓaɓɓen ɗa ya fito, ni ba na karɓar sa ko kyauta ne. Irin kuɓewa da gurguzu kuma a duba ƙananan huji, domin idan ƙwaro ya shiga ya riga ya cinye abin da zai tsiro. Har tsakanin tattasai da attaruhu akwai ɗan bambanci ga mai lura: gefen irin attaruhu yakan ɗan tattare, na tattasai ya fi miƙewa sumul. Waɗannan abubuwa ba a rubuce suke a jikin gwangwani ba.

Malamin gona, Kura:
Baba, duk abin da kuka lissafa na yarda da shi, kuma ina roƙon matasan zauren nan su adana wannan saƙon. Maganar tattararren gefen irin attaruhu ma masana sun tabbatar da ita, domin attaruhu da tattasai ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake dangi ɗaya suke. Inda alamar take gazawa shi ne tsakanin tattasai da shambo da wasu barkonon masu yaji, domin su jinsinsu ɗaya ne. Wasu sukan lasa irin su ji ko da yaji, amma yajin ba a cikin ƙwayar yake ba, a farin naman da ƙwayoyin ke manne da shi yake, saboda haka irin da aka wanke sosai zai iya rasa yaji alhali uwarsa mai zafi ce. Kuma kamar yadda Alhaji ya ce, irin da aka shafa wa magani ba a kai shi baki sam.

Abin da nake tsoro a kan albasa shi ne, a cikin kayan lambunmu tana cikin masu saurin mutuwa. A zafin ƙasarmu, musamman idan ta ratsa damina a cikin leda a ɗaki mai laima, shekara ɗaya ta isa ta rage mata ƙarfi sosai, alhali irin tumatur ko kankana da aka adana a busasshen wuri yakan kai shekara uku ko fiye. Idan mai sayarwa ya cakuɗa sabo da tsoho rabi da rabi, ido zai ga baƙin sabon ya gamsu, ruwa ma zai nuna sun nutse, domin matacciyar ƙwaya mai ciki ita ma nutsewa take yi. Ruwa yana raba mai ciki da fanko ne kawai, ba ya raba rayayye da matacce.

Manomin kankana, Auyo:
Ina gaisuwa ga manya. Mu a fadamar Haɗejiya dangin kankana ne a gabanmu, kuma su sun fi sauƙin ganewa saboda girmansu. Irin kankana faffaɗa ne mai tauri, baƙi ko ruwan ƙasa ko mai ɗigo-ɗigo, da ɗan kauri a wajen bakinsa. Irin agushi ya fi shi laushin ɓawo, launinsa fari-fari ko rawaya, ana iya ɓare shi da farce. Irin kabewa ya fi su faɗi, yana da ɗan rufi da ya zagaye gefensa. Irin duma dogo ne, ruwan ƙasa, ɓawonsa da kauri, kuma a ƙarshensa akwai 'yan kunnuwa biyu da ba a samu a sauran. Irin soso baƙi ne sumul. Kokwamba da gurji kuwa sirara ne farare masu tsini, su biyun sukan rikita har wanda ya saba.

Sai dai ina goyon bayan Malam da wani abu da muke gani da idonmu a nan. Kankana da guna suna aure idan aka shuka su kusa, domin ƙudan zuma yana ɗaukar garin furen wannan ya kai wa wancan. Kankanar wannan shekarar za ta fito ja mai zaƙi, irin da ke cikinta ma kamannin irin kankana gare shi, babu abin zargi. Sai wanda ya ajiye shi ya shuka baɗi ya fasa ɗa ya tarar da farin ciki marar zaƙi, wani ma da ɗaci. Haka irin kamfani da aka rubuta wa F1, wato wanda aka samar ta hanyar aurar da nau'i biyu mabambanta: wanda ya ciri iri daga 'ya'yansa ya sake shukawa zai ga gonar ta fito kowane ɗa da kamanninsa, ko da yake ƙwayar da ya shuka ba ta da aibu a ido.

Malamar makaranta, Gumel:
Assalamu alaikum. Ba a taɓo kayan ƙamshi da na magani sosai ba, kuma a nan ne nake ganin ruwa da hanci suna taimakon ido ƙwarai. Irin ɗoɗɗoya baƙi ne ƙarami mai ɗan tsawo, wanda bai sani ba zai iya ɗaukar sa alayyahu, ko da yake ba ya sheƙi kamar alayyahu. A ɗiga masa ruwa a faranti a jira 'yan mintoci: kowace ƙwaya za ta kumbura ta lulluɓe kanta da farin yauƙi, alayyahu kuwa zai zauna yadda yake. Irin lansir shi ma yana yin wannan yauƙin, amma shi ja-ja ne mai ɗan tsawo, ba a rikita shi da ɗoɗɗoya. Hulba rawaya ce mai taurin gaske, mai kusurwa huɗu, da tsaga a karkace a tsakiyarta, ƙamshinta kuma ya isa shaida. Kusbara dunƙulalliya ce mai layi-layi, mara nauyi, kuma abin da muke kira ƙwaya ɗaya a gaskiya ƙwaya biyu ce a haɗe, shi ya sa ake ɗan murza ta ta rabu kafin a shuka. Irin karas yana da ɗan ƙamshi idan aka murza shi, gefe ɗaya a baje, bayansa da layuka, wanda aka tara a gida ma har da 'yan gashi masu kama da ƙaya. Irin latas siriri ne mai tsini, fari ko baƙi, shafal yake, numfashi kaɗan zai watsar da shi daga hannu.

Idan wani ya kawo muku ƙulli ya ce irin na'ana'a ne ko na shuwaka, ku yi hattara. Waɗannan da reshe aka saba dasa su, kamar yadda ake shuka tafarnuwa da ɓarenta, citta kuma da saiwarta.

Akwai kuma gargaɗin da na ɗauka wajibi ne a yi a wannan zaure. Irin zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, yana kama da irin barkono: faffaɗa, mai siffar ƙoda, launinsa rawaya zuwa ruwan ƙasa. Bambancinsa shi ne ya fi kauri da girma, ya fi duhu, bayansa da kaushi, gefensa kuma a tattare yake sosai. Guba ce mai juya hankali, tana iya kisa, kuma shukar tana fitowa a kan juji da bayan gidaje inda yara ke wasa. Duk wanda ya ga shuka mai farin fure dogo da ɗa dunƙulalle mai ƙaya kusa da inda ake shanya kayan miya, ya tuge ta tun kafin ɗan ya fashe.

Uwargida mai lambun bayan gida, Ringim:
Malama, Allah ya saka da alheri da wannan gargaɗi. Tunda kina Gumel, ƙasar riɗi, ki taimaka mana da bambancin riɗi da karkashi, da kuma tafasa da rai-ɗore, domin yaran yanzu sukan tsinko su tare.

Malamar makaranta, Gumel:
Yaya, riɗin da muke nomawa don kasuwa fari ne ko mai ɗan rawaya, sumul, kai ɗaya a faɗaɗe ɗaya da tsini. Irin karkashi siffarsu ɗaya, amma shi mai duhu ne, kuma gefensa yana da 'yan zane-zane da kaushi. Irin tafasa ruwan ƙasa ne mai sheƙi, ɗan dogo, kawunansa biyu a yanke a karkace, kuma kwasfarsa siririya ce doguwa mai lanƙwasa. Irin rai-ɗore a baje yake, ya fi zagaye, ba ya sheƙi, kwasfarsa ma a baje take. Zogale dai babu mai ɓata a kansa, saboda fukafukan nan uku masu kama da takarda.

Matashin manomi, Bunkure:
Malam, tunda kun nuna ido da ruwa ba sa tabbatar da rai, mene ne mutum zai yi kafin ya kashe kuɗin gyaran kwami da taki da man injin ban-ruwa?

Malamin gona, Kura:
Ƙanena, gwajin tsiro za ka yi, kuma ba ya cin ko sisi. Ka ɗebi iri daga sama da tsakiya da ƙasan ƙullin, ba tare da zaɓen masu kyau ba, ka ƙirga ƙwaya 100. Idan irin mai tsada ne, 20 ma ta wadatar. Ka jiƙa tsumman auduga mai tsabta ka matse shi har ruwa ya daina ɗiga, ka jera ƙwayoyin a kai yadda ba za su taɓa juna ba, ka naɗe, ka sa a kwano ka rufe, ka ajiye a inuwa cikin ɗaki. Kullum ka buɗe ka yayyafa ruwa kaɗan idan ya fara bushewa, amma kada ruwa ya kwanta a ƙasan kwanon. Alayyahu da kabeji da kokwamba sukan nuna kansu cikin kwana uku zuwa biyar. Tumatur ka ba shi mako ɗaya zuwa kwana goma, albasa kwana goma zuwa goma sha biyu, barkono da attaruhu da karas kuwa sai an yi musu haƙurin mako biyu. Wanda za ka ƙirga shi ne wanda ya fito da saiwa fara lafiyayya da ɗan kai, ban da wanda ya tsage kawai ya tsaya. Idan 80 ko fiye suka fito cikin 100, ka yafa yadda ka saba. Idan 50 zuwa 60 ne, ka ƙara yawan irin, amma ka sani tsiron zai iya zuwa da rauni. Idan bai kai rabi ba, ka mayar wa mai shi tun kwami bai ci kuɗinka ba. Latas kaɗai zan ware: ba ya son zafi wajen tsirowa, saboda haka a gwada shi a gindin randa inda yake da sanyi, in ba haka ba za a zarge shi da mutuwa alhali lafiyarsa ƙalau.

Wannan gwajin yana da wata fa'ida: idan aka bar tsiron ya buɗe ganyen farko, ƙullin da aka rasa sunansa zai bayyana kansa. Albasa takan fito da zare ɗaya a lanƙwashe, tumatur da siraran ganye biyu da gashi a ƙararsa, kabeji da ganye biyu masu tsaga a baki. Mai son tabbacin sunan nau'in kuwa, ya nemi malaman gona na KNARDA ko JARDA, wato hukumomin raya aikin gona da karkara na jihohin Kano da Jigawa, ko ya leƙa tashar binciken noman rani ta Kadawa ko reshen cibiyar binciken kayan lambu da ke Bagauda.

Mai sayar da iri, Haɗejiya:
Ni a rumfata na yarda mutum ya sayi cokali ɗaya ya je ya gwada kafin ya dawo ya sayi mudu, kuma ina ganin duk mai sayar da irin albasa na gaskiya zai yarda da haka. Sai dai a fara gwajin da wuri, mako biyu kafin ranar yafi, domin masu zuwa ranar da suka gama gyaran kwami ba su da lokacin jira.

Dattijon lambu, Kadawa:
Gwajin tsumma ba baƙo ba ne a wurinmu, da yankin buhun algarara muke yi a gindin randa, sai dai ba ma ƙirgawa ɗari-ɗari kamar yadda Malam ya koyar, kuma ƙirgar ta fi. Abin da zan ƙara shi ne wajen ajiya, tunda daga nan rikicin yake farawa. Kuɓewa da rama da yakuwa a bar su a cikin kwasfarsu a rataye a madafa inda hayaƙi ke taɓa su, kwasfar ita ce sunansu, kuma ƙwaro ba ya son wurin. Albasa da tumatur da barkono a shanya su a inuwa har su bushe ƙayau, a zuba kowanne a kwalbarsa tare da ɗan tokar murhu da aka tankaɗe, a toshe bakin sosai, a ajiye a ƙasa nesa da kwanon rufi. A rubuta sunan irin da watan da aka cire shi da gonar da ya fito, da boko ko da ajami, takarda ɗaya a cikin kwalbar ɗaya a manne a waje, domin ta waje takan goge. Mai jar albasa da fara kuma, idan zai bar su su yi fure don iri, ya nisanta su da juna sosai, domin ƙuda da zuma suna haɗa su, kuma irin da zai fito baƙi ne duka.